Kotun ECOWAS: Inda Talaka Ke Kai Ƙarar Gwamnatinsa

A wajen Ƙofar Ran cikin birnin Bauchi kabarin Firayim Minista Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, Allah ya jiƙansa, wanda aka kashe a juyin mulkin soja na watan Janairu 1966. A zamanin nan dokar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, wadda shi kansa ya sa wa hannu a Addis Ababa cikin 1963, ta hana wata ƙasa tsoma baki cikin harkokin gida na wata. Saboda haka in aka hamɓare gwamnati, ko kuwa gwamnati ta zalunci talaka, babu inda za a kai kuka a wajen ƙasa.

Sannu a hankali al'amari ya sake. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas cikin 1975 domin ciniki, ta shiga harkar tsaro sa'ad da ta tura sojojin ECOMOG Laberiya cikin 1990. A shekarar 2001 a Dakar shugabanninta suka ƙulla yarjejeniya cewa ba za su amince da mulkin da aka ƙwata da bindiga ba. Cikin 2005 kuma aka ba Kotun ƙungiyar da ke Abuja ikon sauraron ƙarar kowane mutum a kan tauye haƙƙinsa, ba sai ya fara bin kotunan ƙasarsa ba.

Hadizatu Mani ta Jamhuriyar Nijar tana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan doka. Tana shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahayya. Ran 27 ga Oktoba 2008 Kotun ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Amma fa kotun ba ta da 'yan sanda nata, sai abin da gwamnatoci suka ga dama suka zartar. Ga shi kuma ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso, duk a hannun soja, suka fice daga ƙungiyar. Yanzu mutumin Bauchi yana da damar kai ƙara Abuja, ɗan'uwansa na Maraɗi kuwa an rufe masa wannan ƙofa.