Shin Ko Kun San? Fim Ɗin Gida Mai Yara 18

Shin ko kun san cewa shahararren fim ɗin barkwancin nan na Amurka, Yours, Mine and Ours, wanda ya fito a watan Afrilun 1968, ba ƙagaggen labari ba ne? Ma'anar sunan ita ce "naki, nawa da namu", kuma 'ya'ya ake nufi. Wata mata mai suna Helen North, mai 'ya'ya 8, ta auri Frank Beardsley, jami'in sojan ruwa da matarsa ta rasu ta bar masa 10. An ɗaura auren ranar 9 ga Satumba, 1961, a garin Carmel na jihar Kalifoniya. Da aka tare, yara 18 aka ƙirga a gida ɗaya.

Shin ko kun san cewa mutuwa ce ta haɗa su? Mijin Helen na fari, shi ma sojan ruwa, ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1960, ya bar ta da cikin ɗa na takwas, tana da shekara 30 kacal a duniya. A wannan shekarar ce kuma Frank ya rasa uwar 'ya'yansa. A fim an nuna sun yi kiciɓis a kantin sojoji, amma a zahiri da wasiƙa suka fara, kowa na yi wa ɗan'uwansa ta'aziyya, har abin ya zama neman aure. Bayan auren sun ƙara haihuwar biyu, yara suka cika 20, ko da yake ɗaya kawai fim ɗin ya nuna. Helen ta rubuta labarin gidan a littafinta mai suna Who Gets the Drumstick? a 1965, sunan da ke tambayar wa zai samu cinyar kaza in an zauna cin abinci.

Shin ko kun san shekarun taurarin? Lucille Ball, wadda ta fito a matsayin Helen, tana da shekara 56 lokacin da fim ɗin ya fito, amma ta hau matsayin mai juna biyu, kuma masu kallo suka karɓa. Henry Fonda kuwa, wanda ya fito a matsayin Frank, yana da 62. Ba wannan ne haɗuwarsu ta fari ba, don sun yi The Big Street tare tun 1942. Melville Shavelson ne ya ba da umarni.

Ball ba 'yar wasa kawai ba ce. A 1962 ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya finafinan talabijin a Amurka, wato Desilu, wanda ya fara shirya shirin Star Trek. Kamfanin nata ne ya sayi haƙƙin labarin iyalin Beardsley tun kafin littafin Helen ya shiga kasuwa. Ta hango riba, kuma ba ta yi kuskure ba: an kashe kusan dala miliyan 2.5, aka samu sama da miliyan 25.

Shin ko kun san yadda maigidan ya tsara gidan a fim? Tsarin jirgin yaƙi ya kawo. Kowane yaro da lambarsa, kowane ɗakin kwana da harafinsa, kowane banɗaki da launinsa. Ana dariya a wurin, amma duk uwar da ta taɓa shirya yara da yawa zuwa makaranta da sassafe ta san cewa mutumin nan yana da hujja.

Inda fim ɗin ya fi taɓa ni ba wurin dariyar ba ne. Tun farko 'ya'yan Frank ba su son wata ta maye gurbin mahaifiyarsu, har suka zuba wa Helen giya mai ƙarfi a abin shanta ranar da ta fara zuwa gidan, don ta ji kunya a gaban ubansu.  Sai kuma ƙaramin ɗanta Philip, wanda ya rubuta sunan Beardsley a takardarsa ta makaranta, malama ta ce a doka ba sunansa ba ne, yaron ya tubure. Daga nan ne ma'auratan suka nufi kotu, kowa ya ɗauki 'ya'yan ɗayan a matsayin nasa, kamar yadda iyalin na gaskiya suka yi. Mai kallo Bahaushe zai ɗan tsaya a nan, domin a wurinmu agola na riƙe da sunan mahaifinsa ko da mijin uwa ne ya raine shi. Sai dai abin da yaron ke nema a fili yake: kada a ware shi a gidan da yake kwana yake tashi. A ganina wannan fitowar kaɗai ta isa ta sa a nemi fim ɗin.

Shin ko kun san cewa nasararsa ta buɗe wa wani shiri hanya? Sherwood Schwartz ya riga ya tsara The Brady Bunch tun 1966, labarin gida mai yara 6, uku na miji, uku na mata, amma gidajen talabijin na ta jan ƙafa. Da tashar ABC ta ga kasuwar da fim ɗin ya yi, sai ta amince, shirin ya fara a 1969.

An sake yin fim ɗin a 2005 da Dennis Quaid da Rene Russo, aka juya lissafin: miji ke da 8, mata ke da 10. An cika shi da faɗuwa da ɓarin fenti, kuma bai kama ƙafar na farkon ba.

Shin ko kun san kuma cewa ba duk 'ya'yan gidan ne suka yarda da hoton da fim ya nuna ba? A 2013 ɗaya daga cikin 'ya'yan Helen ya fitar da littafi mai suna True North, inda ya ce rayuwar gidan ta fi haka tsanani da ɗaci nesa ba kusa ba. Iyayen biyu ba su ga littafin ba: Helen ta rasu a 2000, Frank kuma a 2012, yana da shekara 97.