Wayar Lasifika: Yadda Jabu Ke Cinye Amanar 'Yan Kasuwa Daga Wad Madani Zuwa Damazin

Tun daga watan Janairun 2025 da sojoji suka sake karɓe garin Wad Madani, jama'a suka fara komawa gidajensu a sassan Jazira da Sinnar, kuma ɗaya daga cikin kayan da aka shiga nema ruwa a jallo ita ce waya. Idan mai karatu bai manta ba, a yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ɓarayi sun yi ta tone wayoyin lantarki, musamman a Khartum, domin su sayar da jan ƙarfen da ke ciki. Wannan ya sa masallatai, makarantu, masu hayar kayan sauti na biki da masu gidaje duk suka dawo kasuwa neman sabuwa.

A garuruwan Hausawa da ke bakin kogin Nilu, irin su Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, lasifika ba kayan ado ba ce. Da ita ake kiran salla, da ita ake sanar da rasuwa, da ita ake cigiyar yaro ko dabba. Kuɗinta kuwa galibi karo-karo ne na talakawa. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga tsakanin Madani, Sinja, Damazin da Gallabat ta bakin iyakar Habasha bayani kan abin da suke saro wa jama'a, kasancewar mu ma'aikatan rediyo kullum da waya muke kwana muke tashi.

Jan ƙarfe ko fenti?

Babbar matsalar da ke cikin wannan sana'a ita ce wayar da ake yi da alminiyom, sannan a lulluɓe ta da ɗan siririn jan ƙarfe, wanda Larabawa ke kira nahas. A ido ba ta da bambanci da ta gaske. Kamfanonin da ke da gaskiya sukan buga haruffan CCA a jikin kwalinta, wasu kuwa ba sa rubuta komai.

Alminiyom na ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka. Bugu da ƙari yana saurin karyewa idan aka yi ta lanƙwasa shi, kuma da zarar danshin damina ya taɓa bakin mahaɗa sai ya fara yin farin gari, sauti ya riƙa ɗaukewa.

Akwai hanyoyi huɗu da ɗan kasuwa zai gane ta tun kafin ya biya dila. Na farko, ya fere bakin wayar ya kankare ta da wuƙa. Idan fari ya fito daga ciki, to alminiyom ne. Na biyu, ya kunna ashana ko laita a ƙarƙashin 'yan silin. Alminiyom na narkewa a zafin digiri 660, shi kuwa jan ƙarfe sai ya kai 1,085, don haka jabu za ta lanƙwashe ta marmashe, ta gaske kuwa ta yi ja ta tsaya yadda take. Na uku shi ne sikeli: nadin mita 100 na waya mai tagwayen layi mai lamba 1.5, jan ƙarfen cikinsa kaɗai ya kai kilo 2.7, na jabu kuwa bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba. Sai dai a lura, wasu na ƙara kaurin robar don su cike nauyi. Na huɗu, a kanga mata maganaɗisu. Idan ya kama ta, to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi.

Kauri da nisa

Lambar da ake bugawa a jikin waya, wato 0.5 ko 1.5 ko 2.5, tana nuna kaurin ƙarfen ciki ne, ba na roba ba. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: yadda nisa ke ƙaruwa, haka kauri ya kamata ya ƙaru.

Mu ɗauki masallacin da ke da tazarar mita 50 tsakanin amfilifaya da lasifikar da ke kan hasumiya. Wutar za ta je ta dawo, wato mita 100 ke nan. Idan lasifikar mai ohm 8 ce kuma aka ja mata jan ƙarfe mai 1.5, kusan kashi 13 cikin 100 na ƙarfin zai salwanta a hanya. Amma idan aka ja jabu mai 0.5, kusan kashi 40 ne zai tafi a banza. Abin da ke biyo baya sananne ne: ladan ya ga muryarsa ba ta kai ƙarshen unguwa, sai a murɗe sauti har ƙurya, murya ta fara tsagewa, ba a jima ba lasifika ta ƙone. Daga nan sai a ɗora laifi a kan amfilifaya ko mai gyara, alhali waya ce ta jawo.

Ga mai kayan sauti na cikin ɗaki mai ohm 8, jan ƙarfe mai 1.5 ya wadatar har zuwa mita 15, mai 2.5 kuma har kusan mita 30. Idan nisan ya wuce haka, to akwai wata dabara. A bayan yawancin amfilifayoyin masallaci, irin su TOA ta Japan da Ahuja ta Indiya, za a ga wurin da aka rubuta 100V. Idan aka yi amfani da lasifika masu ƙaramar taransifoma aka jona su a nan, sauti zai yi tafiyar mita ɗaruruwa a kan waya madaidaiciya ba tare da wata asara ta a zo a gani ba. Amma kada a kuskura a jona lasifikar da ba ta da taransifoma a wannan wuri, domin za ta lalace.

Mahaɗa

Sau da yawa ba tsakiyar waya ce ke kawo cikas ba, bakinta ne. Masu hayar kayan biki, da ke kwancewa su ɗaura kullum, ya fi musu su nemi kan da ake kira Speakon, wanda ake murɗawa ya kulle, ta yadda ko yaro ya yi tuntuɓe da waya ba zai fita ba. Dogon kan nan mai kaurin milimita 6.35 yana saurin zarewa, kuma yakan haɗa layi biyu a lokacin da ake cusa shi. Kai mai haƙora uku, wato XLR, shi aka fi sani a makirufo. Haka kuma wayar makirufo ba ta dace da lasifika ba, saboda silinta siriri ne ƙwarai.

Wanda zai ɗaure tsirarar waya da sukuru ya murɗe silin sosai, domin sili ɗaya tak da ya taɓa ɗan'uwansa na iya ƙona amfilifaya. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi. Idan aka juya ɗaya daga cikin lasifika biyu, sai kaurin sautin ya ragu. Duk mahaɗar da ke waje kuma a naɗe ta da kyau saboda ruwa da ƙurar habub.

Tsada ba ita ce inganci ba

A ɗaya gefen kuma akwai masu hali da ke sayo manyan kayan sauti daga Saudiyya ko Dubai, a kuma sayar musu da waya mai ɗan karen tsada da kai mai ruwan zinare. Gaskiyar magana, ruwan zinare tsatsa yake hanawa, ba ya ƙara wa murya zaƙi. A shekarar 2007 wani mutum a Amurka mai suna James Randi ya sa ladar dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wata waya ta dala 7,250 da wadda ba ta kai ta tsada ba, ta hanyar sauraro kawai. An yi ta cacar baki, amma babu wanda ya karɓi kuɗin. Ke nan araha ba ta ado, amma ita ma tsadar ba hujja ba ce.

Ba muna cewa sayar da wayar alminiyom laifi ba ne. Tana da amfaninta a gajeren zango, musamman idan aka ɗauki mai kauri fiye da yadda za a ɗauka a jan ƙarfe. Laifin shi ne a sayar da ita da sunan nahas, a kan farashin nahas. A ƙauyukanmu kowa ya san shagon da kwamitin masallaci ya yi sayayya, kuma ranar da lasifika ta yi shiru da asuba, sunan mai shagon ne zai zagaya gari. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da su ajiye wuƙa da laita da sikeli a shago, su gwada kaya a gaban dila, su kuma gwada a gaban mai saye. Su tambayi mai saye nisan da zai ja da irin lasifikarsa kafin su yanka masa ko mita ɗaya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasa baki ɗaya.