Yadda kwamfuta ɗaya ta janyo asarar dala miliyan 440

A manyan kamfanoni, manhajojin aiki kan zauna ne a kan wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba. Matsalar da ta fi wuyar ganowa kuwa ita ce wadda na'urar ba ta tsaya ba, tana aiki amma ba daidai ba.

Abin da ya sami kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ke nan, ranar 1 ga watan Agustan 2012.

An ɗora sabuwar manhaja a kan saba bakwai daga cikin takwas, aka tsallake ɗaya. Da aka buɗe kasuwar New York, sai ta takwas ɗin ta tayar da wani tsohon tsari da aka daina amfani da shi tun 2003, ta shiga aika umarnin ciniki ba ƙaƙƙautawa.

A irin wannan hali, injiniyoyi kan fara da tambayar abin da aka sauya kwanan nan, su karanta bayanan da na'urar ke ajiyewa, sannan su gwada kowace saba da 'yar'uwarta.

A Knight, saƙonnin kuskure 97 sun fito tun kafin buɗe kasuwa, amma ba a ɗauki mataki ba. Daga baya ma, injiniyoyin sun zargi sabuwar manhajar, suka cire ta daga bakwai ɗin masu lafiya, lamarin da ya ƙara dagula al'amura.

Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. A 2013 hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari ta ci shi tarar dala miliyan 12.