Idan Gida Ya Ƙone: Makomar Bashin da Ke Kansa da Harajinsa

Da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, ofishin wannan gidauniya kan cika da masu neman agaji saboda gobara. Iska ta bushe, ana jona hita a manta da ita, ana shiga ɗaki da garwashi, a kawo wuta da ƙarfi cikin dare ta tarar da tsofaffin wayoyi. A kwanakin farko abin da ake buƙata sananne ne: abinci, sutura, bargo da ɗakin fakewa, kuma jama'armu, alhamdu lillahi, ba su da ƙyashin kai gudunmawa. Sai bayan wata biyu ko uku, masu jaje sun watse, mutumin ya sake dawo mana riƙe da takarda: ko wasiƙar banki mai tuna masa cewa ya tsallake biya, ko takardar haraji. Tambayarsa ɗaya ce: ta yaya za a ce ya ci gaba da biyan kuɗin gidan da ya zama toka? Kwamitin amintattu ya ga dacewar mu amsa wannan tambaya a rahoton bana, domin masu neman taimako su san matsayinsu, masu ba mu zakka kuma su san inda muke kai ta.

Amsar farko ba ta da daɗin ji. A mafi yawan lokuta bashi ba ya ƙonewa tare da gida. Bashi yana rataye ne a wuyan wanda ya ci shi. Gidan da aka jinginar madogara ce kawai da mai bin bashi ya riƙe don ya samu natsuwa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun raba abin jingina gida biyu, kamar yadda ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani. Akwai abin da ake iya ɓoyewa, irin su gwal da tufafi: idan ya salwanta a hannun mai bin bashi, shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, irin su gida da gona: asararsa tana kan mai shi, bashin kuma yana nan daram. A wannan gaɓa dokar ƙasa ba ta saɓa wa fiƙihu ba. Wanda ya karɓi lamunin gida ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992 kuma ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa dominsa, ya sa hannu ne a kan zai biya kuɗi cikin shekarun da za su iya kai wa 30. Ba a ce zai biya muddin gidan yana tsaye ba. Haka nan wanda ya jinginar da gidansa ga wani attajirin unguwa a gaban shaidu. Idan ma mai gidan ya rasu a gobarar, bashin zai fita daga dukiyar da ya bari kafin a raba gado.

Sai dai ba kowace yarjejeniya ce bashi ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar haƙƙinsu saboda rashin sani. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suka biyo baya, ana samun gida ta hanyoyin da hukuncinsu ya sha bamban. Idan murabaha ce, wato banki ya sayi gidan ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya kaɗan-kaɗan, to gidan ya riga ya zama mallakar mai saye, sauran kuɗin bashi ne, gobara ba ta rage ko kobo. Idan kuwa ijara ce, wato banki ne mai gida, mutumin yana haya da alkawarin zai mallake shi a ƙarshe, to asara tana kan mai mallaka. Ginin da ya rushe gaba ɗaya babu amfanin da za a karɓi haya a kansa, don haka haya ta tsaya daga ranar, sai idan an tabbatar cewa sakacin ɗan hayar ne ya jawo wutar. Idan kuma musharaka ce, wadda mutum ke sayen kason banki sannu a hankali, asara ana raba ta gwargwadon kason kowa a ranar da abin ya faru. A ƙaddara mutum ya mallaki kashi 40, banki yana da 60; bai halatta a ɗora masa asarar kashi 100 ba. Shi ya sa abu na farko da muke tambayar duk wanda ya zo mana shi ne takardar yarjejeniyar kanta. Abin takaici, da yawa ba su taɓa karanta ta ba, wasu ma ba su san da wane suna aka ƙulla ta ba.

Abu na biyu da muke tambaya shi ne inshora. Masu ba da lamunin gida galibi suna shardanta a yi wa ginin inshorar gobara, kuma sukan sa sunansu a matsayin wanda za a fara biya. Ma'ana, idan kamfani ya biya diyya, banki ne zai fara cire abin da yake bi, ko kuma a yi yarjejeniya a saki kuɗin kashi-kashi don sake gini. Matsala uku muke yawan gani. Wani ya biya kuɗin inshora shekarar farko ya daina, alhali ƙa'ida a Nijeriya ita ce wanda bai biya ba, ba a rufa masa asiri. Wani an ƙiyasta gidansa da farashin shekara goma baya, diyyar ba za ta kai ginin ko linta ba a tsadar siminti da rodi ta yau. Wani kuma ya yi jinkirin sanar da kamfani, ko ya kwashe ɓaraguzai kafin jami'insu ya zo ya gani, bai kuma karɓi rahoton hukumar kashe gobara ba. Mun san da yawa daga mutanenmu suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da garari, kuma ba mu raina wannan tsantseni ba. Amma tun 2013 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful, akwai kuma kamfanonin da ke aiki da su. Wanda ya ɗauki bashin miliyoyi a kan gida, ya bar shi ba takaful, a ganinmu ya yi wasa da haƙƙin iyalinsa da na mai bin sa.

Haraji kuma iri biyu ne, kuma gwamma a rarrabe su. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen jiha amana ne a hannun gwamna. Mai takardar shaidar mallakar fili haƙƙin zama aka ba shi, yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Wannan kuɗi a kan fili yake, fili kuwa bai ƙone ba, saboda haka yana ci gaba da taruwa, kuma saɓa sharuɗɗan takardar yana cikin dalilan da doka ta yarda a soke ta. Na biyu shi ne harajin da ake ɗora wa ginin kansa gwargwadon darajarsa, wanda tsarin mulkin 1999 ya sa ƙiyasta shi cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ko da yake wasu jihohi sun haɗe shi da kuɗin ƙasa a takarda ɗaya. A nan mai gida yana da hujjar neman a sake ƙiyasi, amma ofishin haraji ba ya sanin gobara da kansa. Sai an rubuta, an haɗa da rahoton 'yan kwana-kwana da hotuna, an kuma karɓi shaidar cewa takardar ta shiga. Abin da ya taru kafin gobarar yana nan a matsayin bashi.

Akwai wani haƙƙi da kusan kowa ke mantawa. Idan akwai 'yan haya a gidan, kuma sun biya kuɗin shekara tun farko kamar yadda aka saba, haya ta warware da rushewar ginin, kuɗin watannin da suka rage nasu ne. Mai gidan da ya rasa komai yakan ji nauyin wannan magana, amma ɗan hayar shi ma a titi ya kwana. Mukan zaunar da su biyun, sau da yawa kuma akan daidaita.

To ina zakka ta shigo? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin mutum takwas da ake bai wa zakka. An ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibn Abbas, cewa wanda gobara ko ambaliya ta cinye dukiyarsa yana cikinsu, hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim kuma ya halatta roƙo ga wanda annoba ta share wa dukiya har ya samu abin da zai tsaya da ƙafarsa. Amma malamai sun sa sharuɗɗa: bashin ya zama haƙƙin mutane ne, ba a ci shi don ɓarna ba, kuma mai shi ba shi da rarar dukiyar da zai biya da ita. Wanda ke da gida na biyu ko filin ajiya, ya fara da nasa tukuna.

A kan haka muka tsara aikinmu. Kafin mu fitar da ko sisi, mukan rubuta wa mai bin bashi muna neman ya ɗaga ƙafa, muna tuna masa umarnin aya ta 280 a Suratul Baƙara game da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. A wajen banki mukan nemi a dakatar da biya na wasu watanni, a yafe tarar jinkiri, a sake tsara lokaci. Idan za mu biya, uwar kuɗi muke biya, kai tsaye ga mai bin bashin da sanin wanda ake bi, ba mu sa zakkar jama'a cikin kuɗin ruwa. Wannan matsaya ta jawo muhawara a kwamiti, domin banki ba ya raba uwa da ruwa a lissafinsa, kuma wanda muke son ceta zai iya rasa filinsa saboda ragowar da muka ƙi biya. Har yanzu muna neman fatawar majalisar malamanmu a kan wanda ya shiga irin wannan lamuni bisa larura, ya kuma tuba. Kuɗin ƙasa da haraji kuwa daga asusun sadaka muke taimakawa da su. Ribar waƙafi ba ma taɓa ta sai inda sharaɗin mai waƙafin ya ba da dama.

Muna roƙon limamai da masu unguwanni da ke turo mana mutane su gaya musu su zo cikin makon farko, ɗauke da duk takardar da ta tsira. Wadda ta ƙone, ana iya neman kwafinta a ma'aikatar ƙasa bayan rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, kuma sakatariyarmu tana taimakawa wajen rubuta waɗannan wasiƙu ba tare da karɓar komai ba.