Duba Man Mota Bayan Ƙetare Rafi

Manoma da 'yan kasuwa, ga damina ta kankama. Akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Rover, ita ke kai taki ƙauye. Amma direbobi da yawa baƙin mai kaɗai suke dubawa, alhali kuwa wuri 5 irin wannan mota ke shan mai: inji, da akwatin giya, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, da aksul biyu.

Ga inda ɓarna take. Aksul yakan yi zafi da tafiya. Da mota ta faɗa rafi sai ya huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa ta 'yar kafar iska da ke bisansa. Ruwa ya gauraya da mai, haƙoran ciki su shiga cin juna. Kafin direba ya ji ƙara, aikin gama ya gama.

Saboda haka duk ran da ruwa ya kai tsakiyar ƙafar mota, a tsai da ita inda ba gangara, a kwance murfin ramin zuba mai, a sa yatsa. Man kirki yakan kai bakin ramin, launinsa kamar zuma. In ya yi fari-fari kamar koko, a tsiyaye shi, a zuba sabon man giya, yawanci lamba 90.

Kuɗin galan guda bai kai na aksul ba, balle mota ta kwanta ran kwasar amfanin gona.