Waɗanda suka rasu da ƙuruciya: wa ke yanke hukuncin kiɗan da duniya za ta tuna?

Tsakanin tsakiyar ƙarni na 18 da farkon ƙarni na 19, kiɗan fiyano ya samu sabuwar fuska a Turai. Tsohon abin kiɗan da aka saba da shi tsinkar tsirkiya yake yi, sautinsa ba ya ƙaruwa ko raguwa. Fiyano kuwa 'yan guduma ne ke bugun tsirkiyarsa, don haka makaɗi zai iya sassautawa ko ƙarfafawa da yatsunsa. Matasa ne suka fi cin gajiyar wannan sauyi, kuma da dama cikinsu ba su yi tsawon rai ba.

Mozart ya bar aikin fadar babban limamin cocin Salzburg a 1781, ya koma Biyana yana rayuwa da koyarwa da wasanni da sayar da rubutattun kaɗe-kaɗensa. Ya rasu a 1791 yana ɗan shekara 35. Schubert ya rasu a 1828 yana da 31, jim kaɗan bayan ya kammala manyan sonatocin fiyano uku na ƙarshe. Hyacinthe Jadin, malamin fiyano a makarantar kiɗa ta Faris, tarin fuka ya kashe shi a 1800 yana da 24. Cutar ce kuma ta yi ajalin Voříšek ɗan Bohemiya a 1825, yana da 34.

Me ya sa biyun farko suka shahara, sauran suka kusa ɓacewa? Baiwa na da nata rabo, amma akwai batun wanda ya riƙe takardu bayan jana'iza. A lokacin, mai ɗab'i kan biya mawallafi sau ɗaya, ribar da ta biyo baya tasa ce. Matar Mozart, Constanze, ta adana rubuce-rubucensa, ta sayar wa mai ɗab'i André, ta kuma shirya wasanni don tunawa da shi. Sonatocin Schubert uku na ƙarshe sai bayan kimanin shekara goma da rasuwarsa Diabelli ya buga su, kuma Schumann ya yi ta tallata sunansa a jaridarsa.

Jadin bai samu irin wannan gata ba. Sonatocinsa sun daɗe a ma'ajiyar littattafai, sai a ƙarshen ƙarni na 20 makaɗa suka fara naɗar su a faifai.