Abubuwan da Ke Lalata Jijiyoyin Hannu da Ƙafa

A Hausa, “jijiya” tana nufin hanyar jini, tana kuma nufin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ta biyun ce ta shafe mu a nan. Idan ta lalace, tafin ƙafa yakan yi zafi kamar ana soka allura, ko mutum ya taka ƙaya bai ji ba.

Ciwon sukari ne kan gaba wajen jawo wannan lahani, sai kuturta, yawan shan giya da ƙarancin bitamin B12. Wasu magunguna ma sukan jawo shi, misali isoniazid na tarin fuka. Shi ya sa likitoci kan haɗa shi da bitamin B6. Wanda ya ji waɗannan alamu ya gaya wa likita. Kada ya bar maganin da kansa, domin tarin yana iya dawowa ya ƙi jin magani.